Ido Ɗaya Tsakanin Mayun Ƙarfe Biyu

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara kuka a Zazzau, Tudun Wada ba ta wuce 'yan gidaje ba, yawancinsu dangar kara ce, katangar ƙasa sai ɗai-ɗai. Kowa baƙo ne, kowa da abin da ya kawo shi. Labaran maƙeri, abin da ya kawo shi ƙarfen dogo ne. Leburorin reluwe kan zo masa da guntaye da karyayyun ƙusoshi, shi kuma ya mai da su fartanya da lauje. Ƙarfe ne mai kyau, amma fa mai taurin kai. Ba irin na tama ba ne da ya gada, wanda in ka buga sai ya bi hannunka. Wannan in ya huce ka ci gaba da dukansa, ramawa yake yi.

To, ran nan sai ya rama.

Hantsi ne. Lauratu matarsa tana tsakar gida, ta sa kan maƙwabciyarta Larai tsakanin gwiwoyinta, tana yi mata kitso, ta kai rabi. Lauratu kuwa in ana maganar kitso a Tudun Wada ta lokacin, ita ce. Suna cikin hira sai ta ji bugun masaba ya tsaya cak a zaure, inda maƙerar take. Bayan haka aka yi wata ƙara. Ba ta taɓa jin namiji ya yi irinta ba, balle mijinta, mutumin da garwashi kan faɗo masa a ƙafa ya kaɗe ya ci gaba da magana. Ta soke kibiyar kitson nan ta ƙarfe a cikin gashinta, ta ture kan Larai, ta zura da gudu.

Ta tarar da shi durƙushe gaban uwar maƙera, hannu biyu a kan fuska.

"Maigida! Wane idon?"

Tambayar banza ce, ita ma ta sani. Labaran ido ɗaya gare shi. Agana ta cinye na hagu tun yana goye.

Da ƙyar ta ɓamɓare yatsunsa. Ido ya yi jajur, hawaye na kwarara. Ta juya fuskarsa wajen ƙofa inda haske yake, sai ta gani: daidai inda baƙin ido ya haɗu da fari, ga wani ɗan sartsen ƙarfe, bai kai ƙwayar riɗi ba, ya nutse, ɗan gindinsa kawai ke waje. Ta wanke da ruwa, bai motsa ba. Ta sa harshe ta lasa yadda ake yi wa yara in tsakuwa ta faɗa musu, sai ta ji abin ya karce mata harshe, shi kuma ya zabura har ya kusa kayar da ita.

Nagoda mijin Larai ya riga ya shigo. Ya leƙa, ya ja da baya, ya riƙe baki. "Inna lillahi! Wannan ai sai likitan Bature a Bariki."

"Wanda aka ce ya cire wa wani lebura ido ɗungurungum?" in ji Labaran. "Shi wancan yana da na biyu. Ni fa? Nagoda, in ka kai ni can, kai za ka riƙa ja mini sanda."

Kowa a wurin ya san abin da ke biyo baya in ƙarfe ya kwana a ido. Tsatsa ce za ta kama, ta yaɗu, ido ya yi fari. Lauratu ta ce, "Malam Nagoda, don Allah Tudun Jukun. Ka ce wa Yaya Kailani ya zo da zabirarsa, kuma kada ya manta da ƙarfen Baba."

Bari a tsaya a faɗi mene ne ƙarfen Baba, don duk maganar a kansa take. Uban su Lauratu, Salmanu, wanzami ne. A ƙuruciyarsa ya yi wa wani Balarabe ɗan fatauci ƙaho a Kano, ciwon bayansa ya warke, shi kuma ya ba shi wani sandan ƙarfe baƙi, tsawonsa kamu guda. Balaraben ya ce sunansa maganaɗisu, mutane kuwa mayen ƙarfe suke cewa, don in ya ga allura daga nesa sai ta taso ta manne masa. Salmanu ya naɗe kai ɗaya da jar fata, ya ce nan ne baki, da nan ake aiki. Maƙeran da ya zare wa sartse daga ido da sandan nan, Allah kaɗai ya san yawansu.

Da ya rasu aka zo rabon gado, 'ya'yansa maza biyu, Kailani babba da Muntaka auta, duka wanzamai, kowa ya ce sandan yake so. Malamin da ke rabon ya ce ɗaya ya ɗauka, ɗaya a ba shi wani abu a madadinsa. Suka ƙi. Aka yi lallashi har aka gaji. A ƙarshe aka ce to a raba shi biyu. Wa ya raba? Labaran ɗin nan dai. Ya sa magagari ya yi masa tsaga a tsakiya, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya buga, ya karye. Kailani ya ɗauki ɓangaren jar fata. Muntaka ya ɗauki ɗayan, ya je gida ya naɗe wajen karayar da tasa jar fatar, ya ce ai nan ne ya fi kusa da bakin Baba, saboda haka nan ne bakin nasa. Kowane guntu yana kama allura, amma ba kamar da ba. Kowa ya ce ɗan'uwansa ne ya jawo. Tun daga ranar ko gaisuwar Sallah ba sa yi. Kailani yana Tudun Jukun, Muntaka yana Gyallesu, Lauratu a tsakiya tana kai tuwo nan ta kai can.

Kailani ya iso yana haki. Ya zaunar da Labaran a bakin ƙofa, ya sa Nagoda ya riƙe masa kai, ya yi bisimilla, ya matso da jar fatar kusa da ido.

Labaran ya kwarma ihu. "Yana ja! Wayyo, yana ja!"

Lauratu ta gani da idonta: ɗan gindin sartsen ya yi rawa, ya karkata, amma bai fito ba. Kailani ya sake, ya sake, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ƙarshe ya sauke hannu.

"Da na Baba ne cikakke, da tuni," ya ce. Sai ya dubi surukinsa. "Kai ka karya shi, Labaran. Ka ga aikin hannunka."

"Ku kuka ce in karya!"

Lauratu ba ta tsaya jin wannan ba. Ta fizgi mayafi.

"Ina za ki?" in ji Kailani.

"Gyallesu."

"Lauratu, in wannan yaron ya shigo zauren nan, ni fita zan yi."

"To Yaya, in ka fita ka tafi da mijina ka riƙa ciyar da shi."

Ta iske Muntaka a gindin wata bishiya yana yi wa wani aski, ya yi rabi. Ya ga fuskarta, aska ta tsaya a hannunsa. Ta faɗa masa a taƙaice. Ya ce, "Shi yana can?" Ta ce yana can. Sai ya ce wa wanda yake yi wa askin, "Malam, rufe da hula, na dawo," ya ɗauki zabira.

Da suka shigo, 'yan'uwan ba su dubi juna ba. Muntaka ya durƙusa gaban Labaran. "Sarkin tsatsa, ido ɗaya ma ka kasa tsare shi? Buɗe in gani." Yana wasan da ya saba yi da mijin yayarsa, amma da ya ga abin sai murmushin ya ɓace. Ya gwada nasa guntun. Ihun dai aka sake, rawar nan aka sake, sartse na nan.

"Ku haɗa mana!" in ji Lauratu. "Don me na je na ɗauko shi? Rabi da rabi ba ɗaya ba ne?"

Suka yarda, amma kowa a yadda ya ga dama. Tsayawa kafaɗa da kafaɗa, wannan kam a'a. Kailani ya tsaya ta dama, wajen kunne. Muntaka ya tsaya ta hagu, ya miƙo nasa ta kan karan hanci. Baki na duban baki, jar fata na duban jar fata, idon Labaran a tsakani. Suka matso a hankali.

Lauratu ta toshe kunnuwa tana jiran ihu. Ihu bai zo ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Labaran a hankali. "Ban ji jan ba. Ya fita ko? Lauratu, ya fita?"

Ta sunkuya ta duba. Sartsen na nan daram, ko rawar da yake yi ɗazu ya daina. Ƙarfe ɗaya ya girgiza shi, ƙarfe biyu ko gezau.

"Ku ƙara matsowa," ta ce.

Suka matso. Sai hannun Kailani ya goce sama, na Muntaka ya goce ƙasa.

"Kana ture ni!"

"Ni ban taɓa ka ba! Kai ne kake ture ni!"

"Ka yi wa naka wani abu, Muntaka. Ka kai shi wajen boka don ya kashe nawa."

"Ni? In ina da abin kai wa boka, a kanka zan ɓata?"

Walkin Labaran, fatar nan da yake ɗaurawa in zai yi ƙira, yana shimfiɗe a ƙasa inda ya yar da shi, ya sha garin ƙarfen da magagari ke zubarwa. A kansa kowannensu ya dangwarar da guntunsa, yadda suke riƙe da su, baki na duban baki, don hannu ya samu damar nuna ɗan'uwa. Murya ta hau murya. Aka tono akuyar gado, aka tono wanda bai zo suna ba. Labaran kuwa zogi ya dawo masa, yana zaune yana buga diddige a ƙasa, dim, dim, dim, a gefen walkin.

Lauratu ce ta fara gani. Sai ta nuna da yatsa.

Garin ƙarfen tafiya yake yi. Duk bugun diddige sai ya yi tsalle ya sauka a wani sabon wuri, kuma ba sauka ta barkatai ba. Layuka ne ke fitowa, sirara, baƙaƙe, kamar ana zana su da alƙalamin da ba a gani. Daga bakin guntun Kailani suka fito suka nufi na Muntaka. Daga na Muntaka suka fito suka nufi na Kailani. Amma kafin su gamu sai kowanne ya lanƙwashe, ya kauce, wasu suka yi wajen ƙofa, wasu suka yi wajen zugazugi. Na wannan da na wancan suna tafiya gefe da gefe, ba wanda ya taɓa wani. A tsakiya kuma, tsakiyar sosai, ga wani ɗan fili mai kusurwa huɗu, bai fi farcen babban yatsa ba, ba layi ko ɗaya a cikinsa.

Faɗan ya tsaya cak. Nagoda ya saki kan Labaran ya koma bakin ƙofa da baya da baya. Larai, da ke leƙe daga cikin gida da rabin kai a tsefe, ta saki salati.

"Me ya faru?" in ji Labaran. "Ku yi magana mana! Me kuka gani?"

"Rubutu ne," in ji Kailani. "A'uzu billahi. Wa ya rubuta?"

"Baba ne," in ji Muntaka. Ya zame ya zauna a ƙasa. "Wallahi Baba ne. Ka ga ni, ka ga kai. Kowa ya juya wa kowa baya."

"A kira mai bugun ƙasa ya karanta," in ji Nagoda daga waje.

"Ba sai an kira kowa ba." Kailani ya nuna ɗan filin nan da yatsa, bai yarda ya taɓa ba. Ya rage murya, amma Labaran ya ji. "Ga fari a tsakiyar baƙi. Idon ne. An nuna mana yadda zai koma."

Labaran ya daina buga ƙafa. Bai yi ihu ba, bai ce komai ba. Ya jingina da bango, hannuwansa suka zube a cinya. Wannan shirun ya fi wa Lauratu ihun ciwo. Ta durƙusa a gaban walkin, fuskarta dab da garin ƙarfen, tana kallo ba don tana neman komai ba, don dai ba ta iya kallon mijinta.

To, ita mace ce da ta yi shekaru tana kallon kawunan mutane daga sama. Ido in ya saba da abu, ko cikin tashin hankali sai ya gane shi. Tana kallo, tana kallo, sai abin ya daina yi mata kama da rubutu. Gashi ne. Gashi ne da aka taje, na nan ya kwanta nan, na can ya kwanta can, ga tsaga ta bi tsakaninsu. Ɗan filin kuwa, ai kowane kai yana da irinsa a tsakiya, inda gashi ke rabuwa kowane sili ya kama gabansa, a bar fata a fili. Wurin ba ciwo ba ne. Wuri ne kawai da ba gashin da ya bi ta kansa.

"Yaya, ba ni allura."

"Kada ki taɓa shi!"

"Ba ni allura, na ce."

Muntaka ne ya zaro daga zabirarsa. Ta sa awartaki ta karya ɗan tsinin, ɗan mitsitsi, kusan girman abin da ke idon mijinta. Ta ajiye shi a kan wani layi, ta ƙwanƙwasa fatar da yatsa. Tsinin ya juya da kansa ya kwanta yadda layin ya kwanta. Ta ɗauke ta kai inda layi ya lanƙwashe, ta ajiye shi a gicciye. Ta ƙwanƙwasa, ya juya ya bi lanƙwasar. Duk inda ta kai shi, akwai inda ake nuna masa ya fuskanta. Ta kai shi kusa da bakin guntun Kailani, inda layukan suka cunkushe, bai ma jira ta sake shi ba, ya fizge daga yatsunta ya manne. Ta ɓamɓaro shi.

Sai ta ajiye shi a cikin ɗan filin nan. Ta ƙwanƙwasa. Yana nan yadda ta ajiye shi. Ta juya shi wata fuska ta sake ƙwanƙwasawa. Yana nan, kamar ba mayen ƙarfe ko ɗaya a garin.

Ta ɗago kai. "A nan kuka sa idonsa."

Ta nuna musu layukan.

"Inda layi ya yi yawa, ja ya yi yawa. Inda babu layi, babu ja. Wannan yana ja nan, wancan yana ja can, abin da ke tsakiya ya zauna lafiya. Kai kana kunne, kai kana hanci, idonsa yana nan." Ta dangwala yatsa a filin. Larai ta yi ƙara, amma ba abin da ya sami yatsan.

"To ba Baba ba ne?" in ji Muntaka.

"Ban sani ba, auta. In ma shi ne, hanya yake nuna mana."

Muntaka ya matso da gwiwa. Tsoro ya fara sakinsa, kaifin kansa ya dawo. "Tun da baki da baki ba sa shiri, bari in juya nawa." Ya juya guntunsa, gindi ya dubi bakin na Kailani, ya danne shi da hannu don ya ji yana neman tafiya. Lauratu ta girgiza fatar. Garin ya watse, ya sake jeruwa. Wannan karon layukan suka miƙe daga wannan ƙarfe zuwa wancan, suka cike tsakiyar, fili ya ɓace.

"Kun gani!" in ji Muntaka. "Tashi, Sarkin tsatsa, an gama."

"Tsaya." Lauratu ta ajiye tsinin allurar a tsakiya, ya kwanta a miƙe, kai wajen wannan, gindi wajen wancan. "Dubi inda hanyar ta bi. Daga kunne zuwa hanci. A kwance za ka ja shi ta cikin ƙwayar ido? Mu waje muke so ya fito, wajen da ya shiga."

Kailani ya ce, "Gaskiyarta. Yanka idon zai yi." Wanzami ne, ya san abin da ƙarfe ke yi wa nama in ya bi ta gefe.

Aka mai da guntun yadda yake. Layukan nan masu kaucewa suka dawo, da filinsu. Rana ta riga ta karkata, hasken ƙofa ya fara ja da baya daga inda Labaran yake zaune. Lauratu ta zuba wa layukan ido. Waɗanda suka lanƙwashe suka yi wajen ƙofa, ai su hanyar da take so suka bi, waje. Illa dai a baje suke, kamar gashin da aka tsefe ba a kama ba. Gashi a baje kuwa ba ya riƙe komai, sai an tattara shi a bi da shi hanya ɗaya. Da me ake tattarawa? Hannunta ya tafi kanta da kansa, ya taɓo kibiyar da ta soke tun da hantsi.

Ta zaro ta. Ta kwantar da ita a kan tsagar, tsininta na duban ƙofa, gindinta a cikin ɗan filin.

Ƙwas! Guntayen biyu suka zabura a tare suka cafke gindin kibiyar, ɗaya ta nan, ɗaya ta can.

Kailani ya yi baya har ya bugi zugazugi. Muntaka ya ce, "La ilaha illallahu!" Ƙarafan da yanzun nan suke ture juna ga su dab da dab, siririn ƙarfen kitso kaɗai ke tsakaninsu, kowanne ya riƙe gam. Lauratu kanta sai da ta janye hannu ta dafe ƙirji. Da ta samu numfashi ta ƙwanƙwasa fatar. Garin ya yi tsalle, ya bi jikin kibiyar, ya je ya taru a tsininta ya yi tsaye cirko-cirko kamar gemun bunsuru. Ta ajiye tsinin allurar nesa kaɗan, nesan da ɗazu ba guntun da ya iya kiransa. Ya taso ya manne.

"Me ake ciki?" in ji Labaran daga jikin bango. "Ko kun fara rabon kayana ne?"

"Matso da shi haske, Malam Nagoda," in ji Lauratu. "Larai, ruwan zafi."

Ta share garin, ta wanke tsinin kibiyar tas. Tsini ne da ya sha kawuna har ya yi santsi, ba ya huda. Ta ce su ɗauka yadda yake, kada a raba. Kailani ya kama guntunsa, Muntaka ya kama nasa, ita ta riƙe kibiyar a tsakiya. Ba yadda za a yi a ɗauki abin nan a nesa da juna. Kafaɗar Kailani ta dafe tata ta dama, ta Muntaka ta hagu, kawunan mazan biyu suka kusa gwaruwa a saman nata. Kailani ya sa ɗayan hannunsa ya ɗaga fatar ido ta sama, Muntaka ya ja ta ƙasa.

"Kada ka yi rawa," in ji Kailani.

"Kai dai kula da naka, tsoho."

"Ku yi mini shiru," in ji Lauratu. "Maigida, dubi ƙofa, kada ka dube ni."

Ta matso da tsinin, daidai saitin da sartsen ya shiga. Labaran ya fara nishi. Ta ƙara matsowa. Nishi ya koma ihu, Nagoda ya danne kan da ƙirjinsa. Ta ga gindin sartsen ya miƙe tsaye, ya dubi kibiyar. Ta ƙara kaɗan, har ba ta san ko ta taɓa idon ko ba ta taɓa ba.

Wani ɗan sauti aka ji, ƙis, wanda ba don kawunan mutanen uku na dab da idon ba da ba a ji shi ba.

Ta janye. A kan tsinin ga wani ɗan baƙin abu, siriri, ya fi yadda suka zata tsawo, da ɗigon jini a jikinsa. Su uku suka tsaya suna kallonsa, ba wanda ya saki.

Labaran ya runtse ido, hawaye da jini na bin kumatunsa. Kailani ya ce a kawo ruwa mai ɗumi da ɗan gishiri, ya wanke da hannunsa ɗaya, ya sake wankewa. "Buɗe."

"Ina tsoro."

"Buɗe, Labaran."

Ya buɗe. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Idon ya yi yawo a zauren, ya wuce ƙofa, ya wuce Nagoda, ya zo kansu ya tsaya. Ya daɗe a nan. Sai fuskarsa ta yamutse.

"Shi ke nan," ya ce. "Ya lalace."

Lauratu ta matso kusa da fuskarsa. "Ba ka gani?"

"Ina gani. Amma abin da ba shi yake nuna mini. Wai Yaya Kailani da Muntaka ne kafaɗa da kafaɗa."

Larai ce ta fara fashewa da dariya daga cikin gida. Lauratu ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya tana kuka, kibiyar ta suɓuce mata. 'Yan'uwan suka yi saurin ja da baya, kowa ya fizge guntunsa, kowa ya kama gyaran zabira kamar an kama shi da abin kunya.

Kailani ya ɗaure idon da tsumma mai tsabta, ya ce kada ya kusanci wuta sai ya ce. Ya rataya zabira. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Akwai wani maƙeri a Dutsen Abba," ya ce, kamar da bango yake magana. "Tun shekaranjiya abu ya faɗa masa a ido. Na je na kasa."

"Ni ma na je," in ji Muntaka, shi kuma da zugazugi yake magana.

Duka biyu suka dubi kibiyar da ke yashe a kan walki.

Lauratu ta ɗauke ta, ta goge a zanenta. "Ba aro nake bayarwa ba, kuma ba mai raba mini ita biyu. In za ku, ku biyo ta nan da safe, tare. Maigida, ka yarda in bi su?"

"Bi su," in ji Labaran. "In ba ke a tsakiya, kunnen mutumin za su cire."

Idon ya warke, sai ɗan farin tabo a gefen baƙin, wanda bai hana shi ganin bakin lauje ba. Amma wannan daga baya ne. A ranar dai, mazan na fita Larai ta leƙo, rabin kai a kitse, rabi a tsaye.

"To ni fa? Haka zan kwana?"

Lauratu ta dubi hannuwanta, har yanzu rawa suke yi. Ta ce, "Zo zauna. In tsagar ta karkace, kada ki ce komai."